Darasi na Tara: "Da Sauƙi" Ba Ta Isa Ba — Tantancewa da Tallafa wa Dattijuwa Mai Fama da Kansar Gidan Ƙwai

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana kansar gidan ƙwai da alamominta;
2. faɗin dalilin da ya sa ake auna ƙarfin dattijuwa kafin a fara mata magani;
3. yin tambayoyin da ke fito da ainihin halin da take ciki;
4. gane alamomin da ke buƙatar a kai ta asibiti ba tare da jinkiri ba;
5. tsara jinyar gida yadda ba za ta kayar da mutum ɗaya ba.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ya san yadda gaisuwar take. "Inna, yaya jiki?" Sai ta gyara mayafi ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ko da ba ta runtsa ba daren jiya, ko da rabonta da tuwo kwana huɗu, amsar ke nan. Tarbiyya ce da tawakkali, kuma abin girmamawa ne. Sai dai likitan da zai yanke shawarar yi mata aiki, ko ya ƙayyade yawan maganin da za a ɗura mata a jijiya, ba zai iya dogara da wannan amsa ba. Yana buƙatar ya san ko tana iya tashi daga tabarma da kanta, ko tana cin abinci, ko ƙodarta na aiki, da kuma wanda zai kwana kusa da ita idan zazzaɓi ya taso da tsakar dare.

Wannan darasi na masu jinya ne: 'ya'ya, surukai, jikoki, ma'aikatan lafiya na unguwa da 'yan sa kai. Abin da zai koyar guda ne. Yawan shekarun mace ba ya nuna irin maganin da za ta iya ɗauka. Ƙarfin jikinta, hankalinta, masu taimaka mata da abin da ita kanta take so, su ake dubawa.

1. Mece ce kansar gidan ƙwai?

Kowace mace tana da gidan ƙwai guda biyu a cikin mararta, ɗaya a dama da mahaifa, ɗaya a hagu. A nan ƙwan haihuwa ke fitowa. Kansa, wadda ake kira ciwon daji ko sankara, tana faruwa ne idan wasu ƙwayoyin halitta suka shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa har su zama ƙari, su kuma bazu. Masana sun gano cewa nau'in da ya fi yawa sau da dama yana somawa ne daga bakin bututun da ke kai ƙwai zuwa mahaifa, daga nan ya watsu a kan tantanin da ya lulluɓe kayan ciki.

Kada a haɗa ta da kansar bakin mahaifa. Ita waccan ƙwayar cutar HPV ke kawo ta, tana da gwajin da ke gano ta da wuri, tana kuma da allurar rigakafi da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata a watan Oktoba na 2023. Kansar gidan ƙwai ba ta da allurar rigakafi, kuma gwajin bakin mahaifa ba ya nuna ta.

Hukumar binciken kansa da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kusan 324,000 ne suka kamu da ita a duniya, kusan 207,000 kuma suka rasu. Ta fi kama matan da suka daina al'ada. A Amurka kusan rabin waɗanda ake gano tana jikinsu sun kai shekara 63 ko sun haura. An ware ranar 8 ga Mayu ta kowace shekara domin wayar da kai a kanta.

Alamominta na farko suna kama da ƙananan larurorin da kowa ya saba da su:

- kumburin ciki da ba ya sacewa;
- saurin ƙoshi, loma uku ta ce ta ƙoshi;
- ciwon mara ko na ciki;
- yawan fitsari ko matsuwarsa;
- rama da kasala ba tare da dalili ba.

Saboda haka ake ɗaukar ta a matsayin gyambon ciki, ko basir, ko "tsufa ne kawai". Ƙa'idar da likitocin Ingila ke bi ita ce: macen da ta haura 50, idan irin waɗannan alamomi suna zo mata fiye da sau 12 a wata, a bincika gidan ƙwanta. Ana yin hoton ciki, da gwajin jini mai suna CA-125. Wannan gwaji shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin yakan hau a wasu cututtukan kamar ciwon hanta da tarin fuka da ya sauka a ciki, kuma su biyun ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Tabbaci yana samuwa ne idan an ɗebi tsoka ko ruwan ciki an duba a ɗakin gwaji.

Ana kasa cutar mataki huɗu. Idan an kama ta tana cikin gidan ƙwai kaɗai, lissafin Amurka ya nuna fiye da mata 9 cikin 10 suna raye bayan shekara biyar. Idan ta yi nisa a jiki, adadin yana sauka zuwa kusan 3 cikin 10. Yawancin mata ana gano tasu ne a mataki na uku ko na huɗu.

2. Yadda ake maganinta

Ginshiƙan magani biyu ne. Na farko tiyata: ana cire gidan ƙwai biyu, da bututunsu, da mahaifa, da kitsen da ya rufe hanji, da duk wani ƙari da ido ya gani. Babban aiki ne da kan ɗauki sa'o'i. Na biyu kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da ake ɗurawa ta jijiya. Magunguna biyu aka fi haɗawa, kabofilatin da fakilitaksel, sau ɗaya duk bayan mako uku, har zagaye shida. Idan cutar ta bazu sosai, ko jikin mace bai yi ƙwarin ɗaukar tiyata nan take ba, akan fara da kemo zagaye uku, a yi aikin, sannan a ƙarasa sauran.

Irin wannan jinya sai manyan asibitoci, kamar asibitocin koyarwa na Shika a Zariya, na Malam Aminu Kano, na Sakkwato da na Maiduguri, da Asibitin Ƙasa na Abuja, ko cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai. Ma'ana iyali da yawa za su yi ta doguwar tafiya duk mako uku har wajen wata biyar. Dole a sa wannan a lissafi tun ranar farko.

3. Kurakurai biyu

A ɗauki misalin mata biyu, kowace shekararta 72. Ta farko tana zuwa kasuwa da ƙafarta, tana lissafin kuɗin adashinta, tana sallah a tsaye. Ta biyu sai an kama ta take shiga banɗaki, tana shan magani kala shida, ta faɗi sau biyu a bana. Shekarunsu ɗaya, jikinsu ba ɗaya ba. Ga kuma wata matsala: dattijanmu da yawa ba su da takardar haihuwa, shekarun da aka rubuta a kati ƙiyasi ne.

Kuskure na farko shi ne a ce, "Ai ta tsufa, a bar ta ta huta," a hana mai ƙarfi maganin da zai ƙara mata shekaru masu amfani. Na biyu shi ne a ɗora wa mai rauni cikakken magani ba tare da shiri ba, har maganin ya kwantar da ita kafin cutar ta yi.

Bincike biyu sun haska wannan batu. A wani da likitocin Faransa suka jagoranta, mai suna EWOC-1, wanda aka wallafa a 2021, an ɗauki mata 120 masu wannan cuta, masu shekara 70 zuwa sama, waɗanda aka tabbatar suna da rauni. Da ma ana zaton ba su kabofilatin shi kaɗai sassauci ne. Sai aka ga waɗanda aka ba shi kaɗai sun fi saurin rasuwa a kan waɗanda aka haɗa musu biyun, har aka dakatar da binciken kafin lokacinsa. Ashe rage magani don tausayi yana iya zama cutarwa.

Na biyu an yi shi a Amurka, sunansa GAP70+, shi ma ya fito a 2021. Ya ƙunshi tsofaffi fiye da 700 masu kansa iri-iri. Inda aka tantance su aka kuma ba likitansu sakamakon da shawarwari, kashi 51 cikin 100 ne suka gamu da mummunar illar magani. Inda ba a ba likitan sakamakon ba, kashi 71 ne. Tsawon rayuwarsu kuwa bai ragu ba. Tun 2018 ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yi wa duk mai shekara 65 zuwa sama wannan tantancewa kafin kemo.

4. Abubuwa bakwai da ake tantancewa

Wannan aiki ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Yana buƙatar ido, kunne da haƙuri. Likita ne mai yanke hukunci, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: mafi yawan amsoshin suna hannun waɗanda ke kwana da tashi da ita.

*Hidimar kai.* Tun 1963 wani likita Ba'amurke, Sidney Katz, ya tsara abubuwa shida da ake dubawa: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga shimfiɗa, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. A kan waɗannan ake ƙara hidimomin gida: girki, cefane, riƙe kuɗi, amsa waya da shan magani a kan lokaci. A gidajenmu akwai ma'auni mai kyau da kowa ke gani sau biyar a rana. Tana ɗaukar buta da kanta? Tana tsugunawa ta yi alwala ta miƙe? Tana ruku'u da sujada, ko ta koma yin sallah a zaune? Yaushe ta koma?

*Tafiya da faɗuwa.* A zaunar da ita a kujera, a auna mita uku a ƙasa. Ta tashi, ta je, ta juyo, ta zauna. Idan ta ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, tana cikin haɗarin faɗuwa. A tambaya ko ta faɗi cikin wata shida da suka wuce.

*Abinci da rama.* Rasa kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki a wata shida abin damuwa ne, misali mai kilo 60 ta koma 57. Amma a wannan cuta sikeli yana yaudara, domin ruwan da ke taruwa a ciki yana ƙara nauyi alhali tsoka na zubewa. A dubi damtse, da gefen goshi, da ƙashin wuya. Awarwaron da ke zamewa har gwiwar hannu da zoben da ke faɗuwa sun fi sikeli faɗin gaskiya.

*Wasu cututtuka da magunguna.* Hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya da na ƙoda duk suna shafar shawarar likita. Yawan kabofilatin ana lissafa shi ne bisa ƙarfin ƙoda, ita kuwa ƙoda tana raguwa da shekaru. A zuba duk abin da take sha a leda a kai asibiti: na likita, na kemis, jiƙe-jiƙe da garin magani na gargajiya. Kada a ɓoye ko ɗaya don kunya. Magungunan ciwon gaɓɓai irin su diklofenak da ibufurofen suna iya lahanta ƙoda, kuma maganin da ake bayarwa tare da kemo don hana amai yakan ɗaga sukarin jini.

*Hankali da tunani.* A faɗa mata kalmomi uku, kamar gero, tsintsiya, rijiya, a ce ta riƙe. Bayan 'yan mintoci a ce ta maimaita. A tambaye ta ranar mako, da sallar da ke tafe. Wadda mantuwa ta kama ba za a bar mata magani a hannunta ba, kuma ta fi shiga haɗarin ruɗewa bayan tiyata. A kuma duba ji da gani, kada a ɗauki raunin kunne a matsayin raunin hankali.

*Damuwa.* Dattijuwa ba kasafai za ta ce tana baƙin ciki ba. Za ta ce barci ya ƙaurace mata, ko zuciyarta ba daɗi, ko ta daina son jin hayaniyar jikokin da da can ba ta rabuwa da su. Ciwon damuwa yana da magani, kuma barinsa yana rage ci da kuzarin jure jinya.

*Masu taimako.* Wa ke dafa mata? Wa zai raka ta asibiti? Akwai abin hawa da dare? Ina kuɗin zagaye na huɗu zai fito?

A asibitocin da lokaci ya yi ƙaranci akwai gajeriyar takarda mai suna G8 da aka tsara a Faransa. Tambayoyi takwas ne a kan ci, rama, motsi, tunani, ƙirar jiki, yawan magunguna, yadda take ganin lafiyarta da kuma shekaru. Cikakken maki 17 ne. Wadda ta sami 14 ko ƙasa da haka ana yi mata cikakkiyar tantancewa.

5. Misalin tattaunawa

Ga misali na yadda ma'aikaciyar jinya za ta wuce gaisuwa ta kai ga bayani.

"Inna, barka da hantsi. Yaya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Mun gode Allah."

"Allah ya ƙara sauƙi. Inna, me kika karya da shi yau?"

"Koko aka dama mini."

"Kin shanye kofin?"

"Ina fa. Rabi na sha, sai na ji cikin ya cika."

"Jiya da dare fa?"

"Ruwan shayi kawai."

"Sallar asuba a tsaye kika yi ko a zaune?"

"Tun bayan ƙaramar sallah nake yi a zaune. Idan na sunkuya sai jiri ya ɗebe ni."

Nan 'yarta ta sa baki: "Anti, ran Talata ma ta faɗi a bakin banɗaki, ta hana mu faɗa."

"Inna, faɗin irin wannan ba raki ba ne, da shi likita zai san yadda zai auna miki magani. To, a cikin duk wannan jinya, me kika fi so Allah ya nuna miki?"

"Ni dai in ga auren jikata bayan girbi. Kuma kada in zama sai an ɗauke ni an ajiye."

A lura da abin da aka samu cikin minti biyu: ci ya ragu, akwai jiri, akwai faɗuwa, an san lokacin da rauni ya fara, an kuma ji burinta daga bakinta. Bayan gaisuwa, babu tambayar da za a iya amsawa da "da sauƙi".

6. Bayan tantancewa, sai gyara

Ba a tantancewa don a sami hujjar hana magani. Ana yi ne don a gyara abin da zai gyaru kafin a fara da kuma lokacin da ake yi.

Wajen abinci, tunda ciki ba ya ɗaukar da yawa, a ba ta kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai a rana. A fifita masu gina jiki: ƙwai, kifi, nama mai laushi, wake, alale, awara, kunun gyaɗa da madara. A dafa komai ya nuna. Nonon da ba a tafasa ba, da ganyen da ba a dafa ba, da abincin da ya kwana a buɗe, a ajiye su har a gama kemo. Ruwan sha ya zama tafasasshe ko mai tsabta, kuma ta sha sosai domin ƙoda.

Wajen motsi, kwanciya tana cin tsokar tsoho da sauri. Zagaya tsakar gida sau biyu ko uku a rana, da tashi da zama daga kujera, suna taimakawa kafin tiyata da bayanta. A kawar da igiya, turmi da tabarmar da ta naɗe daga hanyarta, a sa fitila a hanyar banɗaki, a samo kujerar bayan gida idan tsuguno ya gagara.

Fakilitaksel yana zubar da gashi, amma yana tsirowa bayan an gama. Illarsa da ta fi damun tsofaffi ita ce taɓa jijiyoyin yatsu. Za ta ji tafin ƙafa kamar ana tsira mata allura, ko ya yi dindiris, ko carbi ya riƙa suɓuce mata. A gaya wa likita tun farkon abin, domin yana iya rage maganin ko ya sauya tsarinsa kafin lahanin ya zauna. Kada ta yi tafiya ba takalmi, kuma wani ya taɓa mata ruwan wanka kafin ta shiga.

Kemo yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta da masu tsayar da zubar jini. Don haka babu ƙaho, babu tsaga, babu sakiya a kan kumburarren ciki. Idan ruwa ya taru har yana hana numfashi, a asibiti ake zuƙe shi. Masu dubiya su wanke hannu, mai mura ko tari ya yi gaisuwarsa ta waya.

Addu'a da magani ba sa karo da juna. Shari'a ta yi wa maras lafiya rangwame a azumi da tsayuwar sallah. Idan Ramadan ya riske ta tana kemo, a haɗa ta da likita da malamin da ta amince da shi, domin rashin ruwa a jiki yana da haɗari ga ƙodarta.

7. Alamomin gaggawa

Ƙwayoyin kariyar jiki sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye. A wannan lokaci ƙaramar cuta tana iya zama ajali cikin sa'o'i. Mun saba idan jiki ya yi zafi mu ce zazzaɓin cizon sauro ne, mu aika kemis. Ga mai kemo wannan sabo yana kisa. Kowane gida ya mallaki ma'aunin zafin jiki, kuma a auna kafin a ba da farasitamol, domin yana ɓoye zazzaɓi. A tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- zafin jiki ya kai 38, ko rawar ɗari;
- amai ba tsayawa, ciki ya ƙara kumbura, ba bayan gida ba tusa;
- ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi;
- ruɗewa farat ɗaya, sambatu, ko barcin da ba a iya tashinta;
- zubar jini, ko baƙin bayan gida;
- gudawa mai yawa, ko fitsari ya ɗauke.

Da an isa, kalmar farko ita ce: "Tana kan kemo, an yi mata ranar kaza." A riƙe katinta a hannu.

8. Gaskiya, zaɓi da mutunci

Sau da yawa 'ya'ya kan ja likita gefe su ce, "Don Allah kada a gaya mata." Ƙauna ce ta sa su. Amma jiki magayi. Matar da ta haifi 'ya'ya ta kuma yi jinyar iyayenta ta san lokacin da abu ya yi tsanani, kuma idan kowa yana ɓoye mata, sai ta ɗauki tsoronta ita kaɗai. Hanya mafi adalci ita ce a tambaye ta: "Inna, kina so likita ya yi miki bayanin komai, ko kin fi so ya yi wa babban ɗanki?" Duk wanda ta zaɓa an mutunta ta. Jikinta ne za a yanka, don haka yardarta ake nema. Tana kuma da haƙƙin ta san halin da take ciki domin ta yi wasiyya, ta biya bashi, ta nemi gafarar wanda take so.

A kiyaye kunyarta. Wata ba za ta iya ambaton mara ko fitsari a gaban ɗanta ko surukinta ba. A fitar da maza, a bar ta da mace. A yi mata magana da harshen da take ji, a fuskance ta, kada a riƙa zance a kanta kamar ba ta wurin.

Ga mafi yawan waɗanda cutarsu ta yi nisa, takan dawo bayan an gama magani. A lokacin akan sake kemo, wani lokaci kuma abin da ya fi alheri shi ne a mai da hankali ga sauƙaƙa wahala. Wannan kulawa ce cikakkiya, kuma ana iya fara ta tun ranar da aka gano cutar. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin ciwo hawa-hawa, daga farasitamol har zuwa mofin. Mofin da likita ya rubuta ba alamar an sallama ta ba ce. Ana shan sa a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso ba, tare da maganin sassauta bayan gida domin yana ƙulle ciki. Babu dalilin barin tsohuwa tana juyi a shimfiɗa alhali akwai abin da zai ba ta barci.

9. Mai jinya ma mutum ce

A yawancin gidaje nauyin yana faɗawa kan mace ɗaya, 'ya ko suruka, wadda ga nata 'ya'yan ga sana'arta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yi zaman iyali tun farko, a raba aiki da suna: mai rakiya, mai kwana, mai girki, mai riƙe kuɗi. A tambayi asibiti kuɗin dukkan zagayen, domin tsayawa a tsakiya saboda kuɗi ya ƙare yana rage amfanin abin da aka riga aka kashe. A nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin a ji irin tallafin da ke akwai. A sayi ƙaramin littafi a riƙa rubuta ranar kemo, zafin jiki, abin da ta ci, da tambayoyin da za a yi wa likita.

Cutar ba ta yaɗuwa ta kwano, ko tufafi, ko shimfiɗa. A ci abinci tare da ita. Sai dai wani kaso nata, kusan 15 cikin 100, yana da nasaba da gado, ta hanyar sauyi a ƙwayoyin gado da ake kira BRCA1 da BRCA2, kuma ana iya gadonsa ta wajen uwa ko ta wajen uba. Idan a dangi an sami masu kansar mama ko ta gidan ƙwai, 'ya'ya mata da 'yan'uwa su sanar da likita.

Taƙaitawa

Kansar gidan ƙwai ta fi kama manyan mata, kuma takan ɓuya a bayan kumburin ciki da saurin ƙoshi. Maganinta tiyata ne da kemo. Kafin a fara, ana duba hidimar kai, tafiya, abinci, sauran cututtuka, hankali, damuwa da masu taimako, sannan a gyara abin da ya raunana. Zazzaɓi a lokacin kemo na asibiti ne. Zaɓin ƙarshe na mai jikin ne. Idan Inna ta ce "da sauƙi", a amsa mata da "Allah ya ƙara sauƙi", sannan a zauna kusa da ita a tambayi abin da ta ci.

Tambayoyi

1. Kawo alamomi huɗu na kansar gidan ƙwai. Me ya sa ake makara wajen gano ta?
2. Mene ne bambancinta da kansar bakin mahaifa?
3. Me binciken EWOC-1 ya koya mana game da rage wa tsofaffi magani?
4. Me ya sa sikeli kan yaudari mai jinya a wannan cuta? Ina za a duba a maimakonsa?
5. Dattijuwa ta yi kemo kwana tara da suka wuce, yau zafin jikinta 38.4. Me za ka yi, me kuma ba za ka yi ba?

Aikin aji

Ku kasu uku-uku. Ɗaya ta zama dattijuwa, ɗaya 'yarta, ɗaya ma'aikaciyar lafiya. A cikin minti goma a bi abubuwa bakwai na sashe na 4 ba tare da an yi tambayar da za a amsa da "da sauƙi" ba.

Aikin gida

Da izininta, ka zauna da wata dattijuwa a gidanku ko maƙwabta. Ka rubuta abin da take yi da kanta, abin da ake taya ta, da magungunan da take sha. A ƙarshe ka tambaye ta abin da ta fi so a kiyaye mata idan rashin lafiya ya zo. Ka kawo amsar aji ba tare da ka rubuta sunanta ba.